Kurmi, Masauki da Ruwa: Abin da Ɗan Zongo Zai Sani Kafin Ya Nufi Kpalime



A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo mana unguwa. Da an yi salla da kwana biyu ko uku, ko an ba da babban hutu, sai ka ga samari sun haɗa kuɗi sun ɗauki shatar bas, wai za su Kpalime kallon duwatsu da wanka a kaskad. Makarantu ma suna kai yaransu. A dawo da hotuna cike da waya, wanda bai je ba ya ce wallahi baɗi da shi za a tafi. Tafiyar tana da fa'ida, ba hana ta muka zo yi ba. Sai dai mu mutanen Zongo 'yan birni ne, kakanninmu kuma mutanen sarari ne, daga ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato da Gobir da Zabarma. Kurmi ba gidanmu ba ne, kuma da yawa daga cikinmu ba su iya iyo ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a wannan ɗan littafi na bana: mene ne kurmi, yaya ake shigarsa, ina ake sauka, wane ruwa ake shiga, wane kuma ake tsayawa a bakinsa.

Daji daban, kurmi daban

Bahaushe bai haɗa su a suna ɗaya ba. Daji shi ne wanda muke gani in mun nufi Sokode ko Dapaong: ciyawa, kaɗanya nan, ɗorawa can, kuka tsaye ita kaɗai, kana hango mutum tun daga nesa. Kurmi kuwa itatuwa ne dogaye da suka haɗa kai a sama har suka yi rumfa, rana ba ta isa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. A ciki akwai rimi da loko da maɗaci, waɗansu saiwoyinsu sun fito waje kamar bangon ɗaki. Tsirrai masu yaɗo suna saukowa daga rassa kamar igiyar guga. Ƙasa kullum da danshi, ganye yana ruɓewa a kanta, ga kukan tsuntsaye da ƙwari ba dare ba rana.

Abin da ke yin kurmi shi ne ruwan sama mai yawa da ke ɗaukar watanni yana zuba. To, nan ne mas'alar take. Mu muna bakin teku, me ya sa babu kurmi a Lome? Amsar ita ce, kurmin Afirka ta Yamma ya rabu gida biyu. Ɗaya ya taso daga Gini da Saliyo da Laberiya ya zo har Gana. Ɗayan ya fara daga kudancin Nijeriya ya wuce Kamaru har Kwango. A tsakani, tun daga wajen Ankara ta Gana har Kwatano, akwai giɓi inda sarari ya gangaro har bakin teku. Masana suna ce masa giɓin Dahomey. Dalili biyu ake bayarwa. Na farko, gaɓar tekunmu ta miƙe kusan daidai da hanyar iskar damina, sai iskar ta bi gefe ta wuce. Na biyu, wajen watan Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku, ya sanyaya iska, hadari ya kasa haɗuwa. Saboda haka ruwan da Lome ke samu a shekara wajen milimita 800 zuwa 900 ne, bai wuce na Kano da wani abin kirki ba. Shi ya sa kake ganin kuka a bayan garin nan.

Amma in ka yi arewa maso yamma, sai ka tarar da jerin duwatsu da suka bi iyakarmu da Gana. Iska mai ɗauke da danshi in ta ci karo da dutse dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke ruwan da ta ɗauko. Don haka yankin Kloto da Danyi da Litime yana samun wajen milimita 1,400 ko fiye. A nan ne kurmin Togo yake. Ba irin na Kwango ba ne mai duhu shekara duka, don waɗansu itatuwansa suna zubar da ganye da rani, kuma gonakin koko na cakulan da na kofi sun shiga cikinsa ƙwarai. Duk da haka, ga wanda ya tashi a Agoe-Zongo, wata duniya ce.

Kakanninmu sun riga mu shiga

Ko sunan unguwarmu tafiya ce ta haife shi. Zango shi ne inda ayari ke yada kaya ya kwana. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, goro kuwa ɗan kurmi ne, a ƙasar Asante ake samunsa, a naɗe shi da ganyen fita don kada ya bushe, a yi huhu a ɗora wa jakuna. Babbar kasuwar wannan fatauci ita ce Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa ta a 1892, sai 'yan kasuwa suka bazu, waɗansu suka koma Kete-Krachi, inda shahararren malamin nan Alhaji Umaru ya zauna har ya rasu a 1934, waɗansu kuma suka gangaro kudu. Haka zanguna suka ƙaru a garuruwa irin su Kpalime da Atakpame da Lome. Namu na Lome a tsakiyar birni yake da farko, sai a 1977 aka tashe shi aka kawo mutane nan arewacin gari, kusa da Togblekope.

Abin lura a nan shi ne yadda suke tafiya. Ba wanda ke shiga hanya shi kaɗai. Akwai madugu mai shugabantar ayari, akwai jagaba da ke gaba wanda ya san hanya da mashigin kogi, in an isa gari kuma akwai mai masauki, wanda zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya gaya maka abin da ake yi a garin da abin da ba a yi. Baƙo ko da ido makaho ne. Motar bas ba ta soke wannan tsari ba. Har yau mai shiga kurmi yana bukatar shugaba da za a ji maganarsa, da ɗan gari mai nuna hanya, da masauki na amana.

Hanya da lokacin tafiya

Daga Lome zuwa Kpalime wajen kilomita 120 ne, tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi. Ana fita ta Adidogome, a bi Sangera, Noepe, Keve, Asahun, Avetonu. Tun kafin ka isa za ka hango dutsen Agu ta hannun dama, shi ne mafi tsawo a ƙasar Togo, mita 986. Wannan hanya tsohuwa ce. Jamusawa sun kafa tasharsu ta mulki a Misahohe, saman Kpalime, a 1890, kuma a 1907 suka buɗe titin jirgin ƙasa daga Lome zuwa Kpalime. Jirgin fasinja ya daina zuwa, amma kufan gidajensu da maƙabartarsu suna nan a Misahohe.

Daga Kpalime wurare sun rarrabu. In ka hau dutsen Kloto akwai ƙauyen Kuma-Konda, wanda ya yi suna da yawan malam-buɗe-littafi kala-kala, da masu nuna wa baƙi itatuwan magani da na rini. Kusa da nan akwai gidan dutse da ake kira Château Viale, wanda wani lauya Bafaranshe ya gina a shekarun 1940. Magangarar ruwa kuwa, wadda muke ce wa kaskad, akwai ta Wome, kilomita goma sha daga gari, wadda ake sauka gare ta ta matakala masu tsayi cikin kwari. Akwai ta Kpime a kan hanyar Atakpame, wadda aka yi wa madatsa a sama tun shekarun 1960 don samar da lantarki, shi ya sa da rani ruwanta ke raguwa sosai. Mai son nisa sai ya bi ta Atakpame ya yi yamma zuwa Badu, ƙasar Akposso, inda kaskad ɗin Akloa take kusa da Tomegbe, sai an yi hawa mai wuya kafin a kai. A tsallaken iyaka kuma, kusa da Hohoe ta Gana, akwai Wli mai dubban jemagu a jikin dutse. Wanda zai ƙetara can ya riƙe takardar shaidarsa da katin allurar shawara.

Maganar lokaci: ruwa yana farawa wajen Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni, ya ɗan sassauta a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Cikin damina kurmi ya fi kyau, kaskad ta fi cika, amma a lokacin ne hanya ta fi santsi, kogi ya fi haɗari. Daga Nuwamba zuwa farkon Disamba akwai sauran ruwa, ƙasa kuma ta fara bushewa, wannan ya fi dacewa da tafiyar ɗalibai. Tunda watan salla yana zagayawa cikin shekara, kada a ce bara mun je bayan salla lafiya lau, bana ma haka. A duba wane wata ne na rana.

Guzurin kurmi kaɗan ne amma kowanne da aikinsa: takalmi mai rufi mai kama ƙasa, ba silifa ba, riga mai dogon hannu da dogon wando, tocila, ruwan sha, leda ta saka waya da takardu. Mai hawa zemijan zuwa ƙauyukan kan dutse ya sa hular kwano, don hanyar kwana-kwana ce. A cikin kurmi a bi sawun jagora, kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin gungume. In ka ga layin kwarkwasa ya ratsa hanya, ka tsallake da sauri, kada ka tsaya a kansa kana ɗaukar hoto. In maciji ya sari mutum, ba a ɗaurewa da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Masauki

Masaukin wannan yanki iri uku ne. Na farko gidan dangi ko na sani a Zongon Kpalime, inda akwai masallatai da mahauta Musulmi. Na biyu otal da ƙananan masaukai na cikin gari, waɗanda allonsu ke cewa auberge. Na uku ɗakunan baƙi na ƙauyukan kan dutse, waɗansu a tsakiyar gonar kofi, inda za ka kwana kana jin ƙarar rafi. Har gidan ibadar fada-fada na Dzogbegan, a tudun Danyi, yana da ɗakunan saukar baƙi.

Duk inda za a sauka, a tambayi abu biyar kafin a ajiye jaka. Akwai gidan sauro, kuma ba huji? Ruwan wanka daga ina yake, famfo ne ko rijiya ko daga rafi aka ɗebo? Akwai wuta da dare? Ina ɗakin mata, ina na maza, kuma ƙofa tana kulluwa? Nawa ne kuɗin, da abinci ko ba abinci? A gama ciniki tun da rana, don rigimar safiya ba ta da daɗi. Gidan sauro shi ne kan gaba, saboda inda danshi yake nan sauro yake, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi bayan ya dawo, ko da mako biyu ne, ya je a gwada jininsa. Dare a kan dutse yana da sanyi fiye da na Lome, a tafi da mayafi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa.

Abincin yankin sakwara ce da miya, ga ayaba da abarba da fiya da lemu da araha. Sai dai ana yawan sa naman daji a miya, irin su gyazbi, ana kuma tarbar baƙo da bammi ko sodabi don girmamawa. Ba sai an ɓata fuska ba. Ka yi godiya, ka ce kai Musulmi ne, a ba ka kifi ko ƙwai. Mutanen wurin, Ewe da Akposso, sun daɗe da zama da 'yan Zongo, sun san wannan. Haka nan akwai itatuwa da duwatsu da ruwaye da suke girmamawa bisa al'adarsu, wani wurin ma akwai ranar da ba a zuwa. Mu ba ma shiga abin da suke yi, ba kuma ma yi musu dariya. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko wuri, kada a tsinki koko ko ayaba a gonar da hanya ta ratsa. Kuɗin shiga da ƙauye ke karɓa, da ladan jagora, a biya da daɗin rai, da shi suke gyara matakala da share hanya.

Salla da tsarki a hanya

A mazhabar Malikiyya da muke karantawa, tafiyar da ake ƙasaru a cikinta ita ce ta mil 48, wato wajen kilomita 80. Kpalime ta wuce haka. Saboda haka Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu ne, daga lokacin da aka bar gidajen gari. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ya cika. Alƙibla daga ƙasarmu gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. A cikin kwari rana ba ta fitowa sosai, waya ma takan rasa layi, don haka a gane gabas tun daga masauki, a kuma lura da agogo, don duhu yana saurin shiga kurmi tun kafin Magariba.

Mun karanta a Ishmawi da Risala cewa ruwan da ƙasar mazauninsa ta canza masa kama, ko gansakukar da ta tsiro a cikinsa, yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi. Wannan haka yake. Amma a nan akwai abin da muke so kowane ɗalibi ya riƙe: hukuncin tsarki daban, maganar lafiya daban. Ruwa yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa, garai-garai kamar hawaye, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da kai. Littafin fiƙihu ya amsa tambaya ta farko. Ta biyu sai likita da ɗan gari.

Haɗarin ruwa da ido ke gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara da matasa suna da kaso babba a ciki. Ruwan kaskad yana da halaye da ya kamata a sani.

Na ɗaya, inda ruwan ke faɗowa ya haƙa rami shekara da shekaru. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji ba ƙasa. Na biyu, farin kumfan nan da ke ba da sha'awa a hoto iska ce ta cakuɗu da ruwa, ruwa mai iska kuwa ba ya ɗaga jiki kamar sauran ruwa, ga shi yana juyawa yana mai da mutum ƙarƙashin magangara. Na uku, ruwan dutse yana da sanyi. Wanda ya sha hawa ya yi gumi ya faɗa ciki gaba ɗaya, numfashinsa na iya sarƙewa, ko jijiyar ƙafa ta ɗaure. A zauna a huce, a shiga a hankali. Na huɗu, duwatsun gefe suna da gansakuka mai santsi kamar kuɓewa, kuma ba ka ganin abin da ke ƙasan ruwa. Kada kowa ya yi tsalle da ka. Na biyar, wanda ya saba wasa a bakin teku ya sani ruwan gishiri ya fi ɗaga mutum, ruwan daɗi bai kai shi ba.

Na shida shi ne ambaliyar bazata. Ana iya yin ruwa a kan dutse, ku kuna kwari rana tana haskawa ba ku sani ba. Cikin 'yan mintoci rafi ya cika. Alamominsa: ruwa ya fara ja ko ya gurɓace, ganye da ƙirare su fara gangarowa, ƙarar magangara ta ƙaru, ko ka ga dutsen da ka ajiye takalmi a kai ya fara nutsewa. In an ga ɗaya daga ciki, ko an ji tsawa, kowa ya fito ya hau tudu, ba jiran ɗaukar kaya.

Ga 'yan'uwanmu mata da maza duka akwai maganar sutura. Rufe al'aura wajibi ne, a ware lokacin maza da na mata. Amma doguwar jallabiya da babban hijabi da zane in sun jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa, suna kama reshe a ƙasan ruwa. Mai irin wannan shiga ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Wanda bai iya iyo ba, iyakarsa ƙugu, kuma a inda jagora ya nuna. Babu kunya a cikin cewa ban iya ba.

In wani ya fara nutsewa, sau da yawa ba ya iya ihu, sai dai ka ga kai yana sama yana ƙasa, hannu yana dukan ruwa. Shi ya sa dole a sa babba ɗaya a bakin ruwa wanda aikinsa kallo kawai, ba waya a hannunsa, ya ƙirga mutane kafin shiga da bayan fita. Kuma wanda bai koyi ceto ba kada ya faɗa, don mai nutsewa yana riƙe duk abin da ya samu, sai a rasa biyu. A miƙa masa gora ko doguwar sanda, ko a jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe. Igiya da jarka biyu ba su da nauyi a bayan bas. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, amma daga cikin kwari kafin su iso an daɗe, saboda haka shirin da kuka zo da shi shi ne abin dogaro bayan Allah.

Haɗarin da ido ba ya gani

Na farko tsargiya, wato fitsarin jini. Tsutsa ce ƙarama ƙwarai. Mai cutar in ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi, su hayayyafa, su fito suna yawo. Ba sai ka sha ba, ta fata suke shiga, ko da alwala ce ko wanki. Bayan makonni sai zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko jini a ƙarshen fitsari. In an bar ta shekaru tana lalata mafitsara da hanta da ƙoda, tana kuma taɓa mahaifa. A 2021 sama da mutum miliyan 250 ne ke bukatar maganin rigakafinta a duniya, mafi yawansu a Afirka. Dodon koɗin ya fi son ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, kusa da inda mutane ke wanka da wanki: kududdufi, bakin madatsa, tafki. Ruwan dutse mai gudu da sanyi ya fi sauƙin haɗari, amma ba a ba da tabbaci a kansa. Ruwan teku ba ya ɗauke da ita. In dole sai da ruwan rafi za a yi wanka, a tafasa shi ya huce, ko a ajiye shi a bokiti kwana biyu, tsutsar ba ta kaiwa haka a raye. Maganinta praziquantel ne, yana aiki sosai. Wanda ya shiga ruwan da yake shakka, ya je gwaji bayan wata biyu, ya gaya wa likita inda ya je. Kuma jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu ke ɗauka, cuta ce. Ka ga hikimar hanin da addininmu ya yi na yin fitsari a ruwan da ba ya gudu: in kowa ya kiyaye, tsutsar ba ta da hanyar komawa ruwa.

Na biyu makantar kogi. Ita ba ta shiga ta wanka. Wani ɗan baƙin ƙuda ne ke ɗauke da ita, yana hayayyafa a ruwa mai gudu, yana cizo da rana. Sai cizo ya yi yawa cikin dogon lokaci cutar ke kama mutum, saboda haka baƙon kwana biyu haɗarinsa kaɗan ne, amma dogon wando da dogon hannu suna rage cizon. An fara babban shirin yaƙi da ita a Afirka ta Yamma a 1974, Togo tana cikin ƙasashe bakwai na farko, kuma tun 1987 ake ba da maganin ivermectin kyauta. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da ita. Mu ma Togo an tabbatar mun rabu da kurkunu a 2011, da tundurmi a 2017, da ciwon barci a 2020, da amosanin ido a 2022. Tsargiya da makantar kogi dai da sauran aiki, don haka in masu rabon magani sun zo makaranta ko unguwa, a karɓa.

Ruwan sha kuwa, komai kyan rafi kada a sha sai an tafasa. Ba ka san abin da ke samansa ba, ko ƙauye ne, ko gonar da aka yi wa feshi.

Ruwan can shi ne ruwan nan

Kogin Zio da ke wucewa ta Togblekope, bayan gidajenmu, daga waɗannan duwatsu na arewacin Kpalime ya taso, ya yi tafiyar sama da kilomita 170 kafin ya zuba a tafkin Togo. Kurmi kamar soso yake. Ganye yana tare ƙarfin ruwan sama, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa ya nutse ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har rani. In an sare itatuwa, ruwa ya gangaro gaba ɗaya da laka. Iyayenmu suna tuna ambaliyar 2008, wadda ta karya gadoji har da ta Amakpape a kan babbar hanyar arewa, motocin kaya masu zuwa Burkina da Nijar suka tsaya cik. Ba sare itace kaɗai ke kawo ambaliya ba, akwai yawan ruwan shekara da gine-gine a hanyar ruwa, amma yana ƙara mata ƙarfi. Gawayin da muke dafa shayi da waake da shi kuwa daga itace yake. Ranar 1 ga Yuni ita ce ranar dashen itace a Togo tun 1977. Zai yi kyau makarantarmu ta riƙa fita a wannan rana kamar yadda ake fita yawon salla. Wanda kuma ya je kaskad ya dawo da ledar ruwansa da gwangwaninsa a jaka, kada ya bar wa mutanen ƙauye shara a ruwan da suke sha.

Roƙonmu ga iyaye shi ne, in yaro ya zo neman izinin tafiya, a tambaye shi: wa ke shugabantar ku, ina za ku kwana, wa zai tsaya a bakin ruwa, ku nawa ne kuka iya iyo? In amsa ta fito sarai, a sa masa albarka ya je ya ga ikon Allah, don wanda ya tsaya a gindin rimin kurmi ya ɗaga kai ya san an yi halitta. In ba ta fito ba, a dakata har a gyara shiri. Ga malamanmu kuma, muna fata a samo mana wanda zai koya mana iyo da taimakon farko kafin babban hutu mai zuwa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.